Wanda ya faɗi maganar da ta ƙona mana rai: a rufe masa baki ko a amsa masa?

Malamin Lissafi, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ita ce: mutum ya faɗi ra'ayin da kusan kowa ya tsana, ra'ayin da ke fama wa mutane ciwo, amma bai zagi kowa ba, bai ce a je a taɓa kowa ba. Yana da haƙƙin a bar shi ya faɗa, ko daidai ne a rufe masa baki? Ba don jan zance nake tambaya ba, akwai hukuncin da ke jirana in yanke.

Ni ke riƙe da zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban ajinmu. Yawancinmu muna nan cikin birnin Katsina, wasu Funtuwa, wasu Kaduna da Abuja. Zaure ne na sanarwar biki da suna da rasuwa, sai karo-karo idan wani ya kwanta asibiti. Ran nan ana jajen wani hari da aka kai, sai ɗaya daga cikinmu ya yi dogon rubutu. Ma'aikacin kiwon lafiyar dabbobi ne, ya daɗe yana shiga rugage yi wa shanu allurar rigakafi tun kafin daji ya lalace. Ya ce bindiga kaɗai ba za ta kawo ƙarshen wannan bala'i ba. Ya ce ya san rugar da 'yan sa-kai suka ƙone ba tare da an tabbatar da laifin kowa ba, ya san makiyayin da aka tare ranar kasuwa aka kashe don kamanninsa kawai, kuma wasu daga cikin yaran da ke daji yau 'ya'yan irin waɗannan ne. Saboda haka shi yana goyon bayan sulhu. Ya yi Allah-wadai da ɓarayin daji a farkon rubutun, ya sake yi a ƙarshe, amma ba wanda ya tsaya a kan wannan.

Kafin la'asar zaure ya hargitse. Wani ya kira shi infoma. Wani ya ɗauki hoton rubutun ya ce zai kai wa jami'an tsaro. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abokinmu da aka sace ƙanwarsa da goyonta a hanya, sai da aka sayar da gonar gado aka haɗa kuɗin fansa. Bai yi rubutu ba, saƙon murya ya turo, muryarsa na rawa, ya ce ko in fitar da mai rubutun ko shi ya fita.

Ni kaina ba na tare da sulhun nan. Mun ga wanda aka yi zamanin Gwamna Masari a 2016, aka sake a 2019, duk suka wargaje, shi kansa gwamnan ya fito ya ce an ci amanarsa. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara. A matsayina na malamin makaranta, wannan dare har yau bai fita raina ba. Amma ƙin yarda da ra'ayin mutum daban, hana shi magana daban. Abin da ya ce game da kashe marasa laifi ba ni da hujjar ƙaryata shi, kuma na san shi tun muna yara, ba maƙaryaci ba ne. Sannan kun san nauyin a ce wa mutum infoma a jihar nan. Akwai garuruwan da in aka jingina maka wannan, ba za ka kai gaban alƙali da ranka ba.

To ina mafita? In na bar shi, na rasa wanda aka zalunta. In na fitar da shi, na nuna wa sauran cewa a zauren nan abin da jama'a ke son ji kaɗai ake faɗa.

Ɗan Batsari

Wa alaikumus salam Malam. Ka fitar da shi, ba sai ka yi dogon tunani ba.

Ku da ke kwana cikin birni kuna da sararin zancen 'yancin faɗin albarkacin baki. Mu da muka baro ƙauyenmu da kayan jikinmu, muka zo muna raɓe a gidan dangi, ba haka muke jin maganar ba. Akwai damina da ko gonata ban leƙa ba. Akwai lokacin da magariba na yi mata da yara ke kama hanyar gari su kwana a barandar mutane, da safe su koma. Mutumin da ya ga wannan, ka zo ka ce mashi a fahimci waɗanda suka yi mashi haka, ka san wace wuƙa ka soka mashi?

Kuma magana ba iska ba ce. Da baki ake nuna gidan da aka sayar da shanu, da baki ake faɗin ranar da amarya za ta tare. A 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, mun sha wahala, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka kira ɗan uwanka, amma da yawanmu mun haƙura saboda mun san abin da waya ke yi. A lokacin ba wanda ya zo ya tambaye mu 'yancinmu. Yanzu kuma duk wanda ya tashi sai ya nemo wa ɓarayi uzuri, su kuma suna ji, suna ganin ashe akwai masu kare su cikin gari. A 2025 an zauna sulhu a yankinmu da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, kowa ya ga hotunan, sun zo wurin taron da bindigogi rataye a kafaɗa, mu kuwa hannu sake.

Ko da abin da abokinka ya faɗa gaskiya ne, kowace magana da wurinta. Ba a zaman makoki ake kawo laifin mamaci ba. Abu guda da ban yarda da shi ba, kai sunanshi wurin jami'an tsaro. In ba a kama shi da komai ba, wannan ɗaukar alhaki ne.

Lauya, Layout

Malam, tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya, gara a raba su.

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe ra'ayi da bayyana shi. Wannan kariya ce daga hukuma: kada a kama ka, kada a ɗaure ka, kada a rufe maka jarida don ka faɗi abin da ba a so. Bai tilasta wa kowa ya saurare ka ba. Don haka in ka fitar da abokinka daga zaurenku, ba ka karya doka ba. Ko ya dace ko bai dace ba, wannan tsakaninka da lamirinka ne.

Wanda ya ce zai kai rubutun ga jami'an tsaro shi ya shigo fagena. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita magana saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a, lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. Ba ƙasar da ta bar baki sake gaba ɗaya. Jamus na hukunta wanda ya musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Amurka, wadda ta fi kowa sassauci, kotun ƙolinta ta yanke a 1969 cewa ana iya hukunta magana idan an yi ta don tunzura mutane su karya doka nan take, kuma akwai alamar za su karya ɗin. Mun kuma san abin da gidan rediyon RTLM ya yi a Ruwanda a 1994, yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, yana faɗin inda suka ɓuya. Ɗan uwa na Batsari ya yi gaskiya, baki na kisa. Amma dubi irin bakin da ke kisan: wanda ya nuna mutum, ya nuna wuri, ya ce a je. Rubutun abokinka bai nuna kowa ba. Wanda ya nuna mutum a zauren nan shi ne wanda ya kira shi infoma ba hujja. Wannan ɓata suna ne a doka, kuma a halin da jihar nan ke ciki ya fi kusa da tunzurawa fiye da duk abin da mai rubutun ya faɗa.

Abin da ya sa nake tsoron a ce a hana duk maganar da ta ɓata rai shi ne na ga yadda ake amfani da irin wannan doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar da ta kai naira miliyan 7 ga wanda ya tura saƙo mai muni ƙwarai, ko na ƙarya don ya fusata wani ko ya ci masa mutunci. Wa zai auna fushin? Mai mulki. Shi ya sa 'yan jarida da yaran da suka soki manya a Facebook suka yi ta kwana a hannun 'yan sanda da wannan sashe. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, sai a 2024 aka yi masa gyara. A 2019 har ƙudiri aka kai Majalisar Dattawa da ya tanadi rataya kan kalaman ƙiyayya idan sun jawo mutuwa, jama'a suka yi ca, bai zama doka ba. A watan Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, wai ta ɗaukaka ta'addanci, alhali cikin shirin an ji muryar waɗanda aka kashe wa dangi an kuma binciki tushen rikicin. Ba wanda ke buƙatar doka ta kare shi don ya ce ɓarayin daji azzalumai ne, kowa zai ce amin. Mai buƙatar kariya shi ne mai faɗin abin da ba a son ji.

Dattijo daga Daura

'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ko da yake jikata ce ke danna mini wayar.

Na taso na tarar da dattawan da suka yi NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta. Na zauna da wanda ya ɗaga riga ya nuna mana tabon bulala a bayansa. Laifinsa ya tsaya a kasuwa ya ce talaka bai kamata ya yi wa kowa noma kyauta ba, kuma haraji da jangali zalunci ne. Ku sani fa, a wancan lokaci ba sarakuna kaɗai ke jin haushin wannan magana ba. Talakawan ma da yawa na ganin rashin kunya ce da fitsara, ana hana 'ya'ya auren ɗan NEPU, ana ƙin zuwa sunan gidansa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri don ta ce matan Arewa su yi zaɓe, kuma ba su samu ba sai 1976. A 1979 Balarabe Musa ya hau gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin mu da Katsina duk muna ciki, ya soke haraji da jangali. Waɗanda suka yi wa 'yan NEPU tofin Allah-tsine su ma sun daina biya, ba wanda ya ce a mayar masa.

Ko Shehu Usman Ɗanfodiyo, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ya yi masu kyauta, Shehu ya ƙi dukiyar, ya roƙi abu biyar, na farkonsu a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada kuma a hana wanda ke son amsa kiran. Daga baya Nafata ya hana wa'azi ga kowa in ba Shehu ba, ya hana rawani da lulluɓi. Kun san inda aka ƙare.

Zan faɗi wadda ta fi mini nauyi. Janar Buhari ɗan garinmu ne, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna makoma, na zaɓe shi duk lokacin da ya tsaya. Amma dokar soja mai lamba 4 da gwamnatinsa ta kafa a 1984, wadda aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu da ita, Tunde Thompson da Nduka Irabor, ba daidai ba ce. Rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 shi ma ba daidai ba ne. A lokacin in ka faɗi haka a majalisarmu sai a ce ka zama maƙiyi, alhali kafin 2015 mu ne muke cin moriyar a bar mu mu soki gwamnati a rediyo. Sannan har yau ina tuna yaron nan Dadiyata, malami a jami'ar Dutsin-ma, mai yawan suka a intanet, da aka ɗauke a ƙofar gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019. Har yanzu iyalinsa ba su gan shi ba.

Ba cewa nake abokinka ɗan NEPU ne ko yana da gaskiya ba. Mai yiwuwa kuskure yake. Amma in kuskure yake, a cikinku ba mai ilimin da zai warware masa? Ɗana na Batsari, Allah ya mayar maka da alheri, ya koma da kai gidanka lafiya. Zafinka gaskiya ne, ba mai musu.

Malamar Islamiyya, Rafin Daɗi

Baba, Allah ya ƙara girma. Barista, na ji bayaninka, amma akwai gefen da kuka tsallake, kuma duk wanda ya karanta tambayar nan a ƙasar Hausa shi ya fara zuwa ransa: addini. Ni ba zan ɓoye ba, ban yarda 'yancin magana ya haɗa da ɓatanci ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba. Zagi ba ra'ayi ba ne. Ko Turawan da ake kafa hujja da su, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 2018 ta goyi bayan hukuncin da Ostiriya ta yanke wa wata mata da ta ci zarafinsa. Mu ma an hana mu zagin abin bautar wasu, aya ta 108 a Suratul An'am ƙarara take. Kuma hukunci na alƙali ne, da shaidu da bincike. Taron jama'a su kama mutum su kashe su ƙone, kamar yadda aka yi a Sakkwato a 2022, ba shari'a ba ce, ba kuma zan koya wa ɗalibaina cewa ita ce ba.

Matsalarmu, mun ɗauki zafin da ya dace da wannan babban al'amari mun shimfiɗa shi a kan komai. Ka saɓa wa malamin wani, an yi ɓatanci. Ka soki ɗan siyasar wani, an yi cin amana. Ka ce a duba batun aurar da yarinya kafin ta gama makaranta, an ce kai ɗan koren Yahudawa ne. Mu mata mun fi kowa sanin wannan. Mace ta rubuta ra'ayinta a Facebook, ba a amsa abin da ta faɗa, sai a koma kan aurenta da shekarunta da hotonta, har ta goge ta yi shiru. Ba gwamnati ta rufe mata baki ba, mu ne.

A kan zaurenka Malam, aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ce Allah ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Abokinka da aka sace wa ƙanwa yana da haƙƙin ya yi kuka da ƙarfi, har ya yi kaushi, kada wanda ya ce masa ya sassauta. Amma makiyayin da aka kashe a kasuwa ba laifi shi ma an zalunce shi, kuma ba shi da kowa a zaurenku sai wannan mutum ɗaya. Inda na ga gazawar mai rubutun shi ne lokaci da lafazi. Annabi Musa da Haruna ma an umarce su da tattausar magana ga Fir'auna, balle ga ɗan uwa mai ɗanyen ciwo.

Malamin Lissafi, Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na yi. Ban fitar da shi ba. Na kira shi na ce ranar jaje ba ranar wannan zance ba ce, ya amsa, ya rubuta haƙuri kan lokacin da ya zaɓa, amma ya ce bai janye ko kalma ɗaya daga abin da ya gani da idonsa ba, ni kuma ban nemi ya janye ba. Wanda ya kira shi infoma na ce ko ya kawo hujja ko ya goge ya ba da haƙuri a inda ya faɗa. Ya goge, haƙurin dai har yanzu muna jira. Na sa ƙa'ida guda: a soki ra'ayi yadda aka ga dama, amma duk wanda ya jingina wa wani laifin da zai iya jawo masa asarar rai ba hujja, shi zan fitar.

Abokinmu da aka sace wa ƙanwa ya fita, kamar yadda ya ce. Na je gidansa bayan isha'i, ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ya ce ba ya fushi da ni amma ba zai iya zama inda zai riƙa ganin sunan wancan ba. Ban matsa masa ba. Rashin nasa ya yi mini ciwo, kuma duk da haka in aka sake maimaitawa abin da zan yi ke nan.

Ɗan Batsari

Malam, ni har yanzu ina kan bakana, da ni ne da na fitar da shi. Kun ajiye mai magana kun rasa mai ciwo, ban ga ribar ba.

Amma tunda Baba na Daura ya ce a warware mashi, to a warware mashi ido da ido, ba a waya ba. Ka haɗa mu. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ina shagon ƙanena, zan kira wasu daga mutanen ƙauyenmu, har da dattijon da aka kashe wa 'ya'ya a gona. Ya zo ya faɗi abin da ya gani a rugage, za mu saurara har ya gama, sannan shi ma ya zauna ya ji namu har mu gama. Ba wanda zai taɓa shi ko ya zage shi, wannan na ɗaukar mashi alkawari. Ka tambaye shi in zai zo.